Fim ɗin ƴan fashin teku da fim ɗin giwa, abin da na gani a tsakar gidanmu

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Malam Edita ina gaisuwa, ya aiki ya haƙuri da jama'a, Allah ya ƙara basira. Ni ɗan Damagaram ne, a Birni aka haife ni nan kuma nake zaune, sana'ata ɗan ƙaramin shago ne inda nake cajin salula ina tura wa mutane finafinai da waƙoƙi da karatun malamai a katin waya ko a kile. To ka ga maganar kallo ba a bakin wani na ji ta ba, kullum ina ganin abin da yaro yake nema da abin da babba yake nema, shi ya sa na ce bari in rubuto muku abin da ya faru a gidanmu a hutun lakwal ɗin nan da ya wuce, don tun lokacin abin yake cina a rai.

Gida ya cika, ƴaƴan yayata sun zo daga Yamai, na ƙanena sun zo daga Mirya, ga namu na nan, in ka haɗa da na maƙwabta da ba sa fita daga gidan sai barci ya kama su an fi yara ashirin. Amma da an sallame isha'i sai ka ji gidan tsit, kowa ya ja lungunsa da salula a hannu, wannan na kallon abinsa wancan na kallon nasa, Inna kuma tana zaune ita kaɗai kan tabarma da carbinta da ƴar rediyonta, jikoki sun cika gida amma babu mai ce mata kanzil. Wallahi abin ya taɓa ni. Sai na je wajen wani abokina na aro injin nan mai haska hoto a bango, na kafa ƙusa biyu a katangar tsakar gida na ɗaura farin zanen gado, na jona da batirin sola na shago saboda ka san halin wuta, na ce yau kowa ya ajiye waya, tare za mu yi kallo yadda muka taso muna yi.

Samarin gidan ne suka yi zaɓi, suka ce sai Pirates of the Caribbean kashi na biyu, wanda ya fito a 2006, na Johnny Depp da yake fitowa a Kyaftin Jack Sparrow. Ban musa ba don ni ma ina son fim ɗin, kuma ina da tarihi da shi. Farkon ganina da shi ina saurayi ne, a wani gidan kallo na zana da bencina, dala biyar kuɗin shiga, faifan daga Kano aka kawo shi, muryar Faransanci ce a kai kuma rabinmu ba ma jin abin da ake faɗa sai wani ɗan lise da ke gaba yana fassara mana da ƙarfi. Ban manta yadda aka tashi ba ranar. An yi wajen awa biyu da rabi ana zaune, zufa na zuba, dodon teku ya haɗiye Jack da jirginsa, sai ga mutumin da aka kashe a kashi na ɗaya, Barbossa, ya sauko daga matakala yana gatsar tuffa, sai kawai rubutu ya fara hawa. Kai, ka ga hayaniya, mutane suka ce faifan ne ya yanke, wasu suka ce a ba su kuɗinsu, mai gidan kallon yana rantsuwa iyakarsa ke nan. Ashe da gangan aka yi, tare aka ɗauki na biyu da na uku, sai a 2007 aka saki na ukun. Daga baya ma an yi na huɗu a 2011 da na biyar a 2017.

Ba na raina aikin da aka yi a fim ɗin nan fa, a fahimce ni. Davy Jones ɗin nan, kyaftin ɗin jirgin la'anannu, mai gemu na hannuwan halittar teku suna motsi ɗaya bayan ɗaya, mutum ne ɗan Ingila, Bill Nighy, ya yi wasan sanye da wasu tufafi masu ɗigo-ɗigo, sannan aka bi motsinsa da na fuskarsa aka zana da kwamfuta, har fim ɗin ya ci kyautar Oscar ta wannan fanni. Kuma ya tara sama da miliyar ɗaya na dalar Amurka a gidajen sinima na duniya, a lokacin finafinai biyu kacal suka taɓa kai haka kafin shi. Abin da ya fi ba ni mamaki, asalin labarin ba littafi ba ne ba tarihi ba ne, wani wurin wasa ne da kamfanin Disney ya buɗe a Disneyland ta Kalifoniya a 1967, ana sa mutane a ɗan kwale-kwale suna wucewa suna kallon mutum-mutumin ƴan fashi. Daga nan aka ƙago fim na farko a 2003.

To mu dawo tsakar gida. Minti goma ba a yi ba matsala ta fara. Akwai wani kurkuku da ake nunawa tun farko, hankaki yana caccakar idon wani fursuna da ke rataye cikin keji, ƴar ƙanena mai shekara biyar ta ƙwalla ƙara ta faɗa jikin uwarta, dole aka shiga ɗaki da ita. A nan na ji kunya ta kama ni don na san wurin yana nan, mantawa na yi, saboda ni da idon saurayi na kalle shi can baya ba da idon uba ba.

Inna kuwa ruwan ne ya ɗauke mata hankali. Ita tunda take ba ta taɓa ganin teku ba, kamar yawancinmu, ƙasarmu ba ta taɓa teku ta kowane gefe, mu da muke bin ƴan garuwa da jarka idan bazara ta yi tsanani. Ta daɗe tana kallo sannan ta ce, "Yanzu duk wannan ruwa ne, kuma ba a shansa?" Baffanmu, wanda ya yi shekaru yana jan babbar mota zuwa tashar jirgin ruwa ta Kwatano, shi ya amsa mata ya ce Hajiya gishiri ne zalla, mutum na iya mutuwa da ƙishi a tsakiyarsa. Sai ta girgiza kai ta ce ashe su ma Tenere gare su, tasu dai jiƙaƙƙiya ce. Ta ce to waɗannan ai su ne masu tare ayari na da, da kakarta ke ba ta labari, lokacin da raƙuma ke saukowa daga Agadas su yada zango a Zango kafin su wuce Kano. Wannan magana tata ta fi mini fim ɗin daɗi, kuma na lura yara sun juyo suna saurarenta, amma ƙarar bindigogin jirgi ta danne muryarta sai ta yi shiru. Kafin a kai rabi ta ce bayanta ya gaji, ta naɗe tabarma.

Samari su kam sun ji daɗi ba kaɗan ba. Wurin da mutum uku suke faɗan takobi a kan wani ƙaton gargare na injin niƙa da ya tsinke yana gangarawa cikin daji, sai da suka sa na maido shi sau biyu, ana ihu ana tafi har maƙwabta suka leƙo ta katanga. Wani ɗan yayata da ke ajin ƙarshe na lise ya faɗi abin da ni ban lura da shi ba a da, ya ce Kawu ka duba da kyau, babban mugu a fim ɗin nan ba mai gemun dodo ba ne, wancan Baturen ne mai tsabtar riga da ke zaune a ofis yana shan shayi ana zana masa taswirar duniya a bango, wakilin kamfanin Gabashin Indiya. Kuma gaskiyarsa, wannan kamfani an yi shi da gaske, Ingila ta kafa shi a 1600, da sunan ciniki ya shiga Indiya har ya zama shi ke mulki yana da sojojinsa. Mu da muka san yadda Faransawa suka shigo mana garin nan a 1899 ba sai an yi mana dogon bayani ba. Na ji daɗi da yaron ya kamo wannan.

Amma Baffa bai gamsu ba, kuma ƙorafinsa shi ne ya tsaya mini. Ya ce shi a zamaninsu in ka shiga sinima ka san akta ka san shef bandi, ka san bayan wa kake, amma wannan kowa cin amanar kowa yake. Na tsaya na yi tunani sai na ga haka ne. Jack bashi ake binsa, Davy Jones ya tsamo masa jirginsa daga ƙarƙashin teku a kan zai yi kyaftin shekara 13 sannan ya zo ya yi masa bauta shekara 100, da wa'adi ya cika sai ya yaudari abokinsa Will ya tura shi jirgin Davy Jones a madadinsa, ya kuma yarda zai nemo rayuka 100 cikin kwana uku ya fanshi kansa. Ita kuma yarinyar, Elizabeth, da za ta auri Will, a ƙarshe ta rungumi Jack a gaban idon yara ta ɗaure shi da sarƙa a jikin jirgi ta bar wa dodo. Wani yaro ɗan shekara tara ya jawo rigata ya ce, "Kawu, wai wane ne mai gaskiya a cikinsu?" Wallahi Malam Edita sai da na rasa amsa. Wuri ɗaya ne na ga duk tsakar gidan ta yi shiru tare, babba da yaro, inda Will ya haɗu da mahaifinsa a jirgin la'anannu aka tilasta uban ya yi wa ɗansa bulala biyar da hannunsa, ya karɓa ya yi don ya san in wani ya riƙe bulalar sai ta fi muni. Wannan kowa ya gane shi ba sai an fassara ba, uba da ɗa ne.

Akwai kuma abin da fim ɗin bai gaya wa yaranmu ba, wanda ya kamata mu mu gaya musu. Waɗannan ƴan fashi da ake nunawa kamar wasu ƴan gayu masu neman ƴanci, a zamanin cinikin bayi suka yi tashe, kuma hanyarsu ta biyo ta gaɓar Afirka ta Yamma. Jirgin shahararren ɗan fashin nan da ake kira Blackbeard asalinsa jirgin bayi ne na Faransa daga garin Nant, ya ƙwace shi a 1717. Wani jirgin, Whydah, da ƴan fashi suka kama a wannan shekarar, sunan garin Wida na ƙasar Benin aka sa masa, tashar da aka yi ta lodin bayi, Baffa ya ce ya sha wucewa ta garin in ya tashi daga Kwatano zai nufi Lome. Wani babbansu Bartholomew Roberts a gaɓar Gabon aka kashe shi a 1722. Ka ga ashe tekun nan ba ta yi mana nisa yadda muke zato ba. Haka kuma wurin da aka nuna mutanen tsibiri suna shirin gasa Jack su cinye, yara suna ta dariya, a tsibirin Dominika aka ɗauke shi, kuma shugaban ƴan asalin wurin, ƴan ƙabilar Kalinago, ya fito ya nuna rashin yardarsa da a nuna kakanninsu a matsayin masu cin naman mutane. Mu da aka daɗe ana nuna baƙar fata haka a finafinan Turawa ya kamata mu ji zafin wannan.

Washegari na ce yau zaɓin Inna ne. Ba ta san sunan fim ɗin ba, cewa ta yi a sa mata na giwa. Na gane abin da take nufi, Haathi Mere Saathi, na Rajesh Khanna, 1971. Na same shi cikin tsofaffin abubuwan da ke kwamfutar shago, hoton ma ya ɗan dushe, babu fassarar Hausa babu ta Faransanci. Samari suka fara gunaguni wai tsohon yayi ne, biyu ma suka zame suka tafi fada shan shayi.

Abin da na gani daren nan shi ya sa na ɗauki waya nake rubuta wannan wasiƙa. Inna ba ta jin Indiyanci ko kalma ɗaya, amma ita ta zama mai fassara, ta gan shi shekaru da yawa a kaset a gidan wata maƙwabciya kuma bai fita kanta ba. Tana cewa kun ga wannan yaron maraya ne, giwayen nan huɗu su suka cece shi daga damisa, to ku riƙe wannan don alheri ba ya faɗuwa ƙasa banza. Yara suka matso, ƴar nan da ta yi kuka jiya ta haye cinyarta. Da aka zo inda matar take tsoron giwa za ta taka mata jariri har ta ce wa mijin ya zaɓa ko ita ko giwa, sai mata suka shiga muhawara, matata ta ce ai kowace uwa haka za ta yi, yayata ta ce a'a ta yi gaggawa ba ta yi bincike ba, Baffa ya ce laifin mijin ne da bai zaunar da ita ya kwantar mata da hankali ba, na ma tsayar da fim ɗin sai da aka gama. Yaron nan mai tambayar jiya, da Inna ta tsokane shi ta ce mai gidana kai wa za ka zaɓa ni ko giwa, ya ce giwa, gida ya kwashe da dariya ta ce to ta fasa auren. A ƙarshe da giwar ta tare harsashin da aka harbo wa ubangidanta ta faɗi, na waiga na ga har samarin nan da suka tafi fada sun dawo suna tsaye a bakin zaure, ɗaya yana goge ido da hular rigarsa yana yi kamar ƙura ce. Fim ɗin ya kusa awa uku, bai gaza na jiya tsawo ba, amma Inna ba ta ce bayanta ya gaji ba.

Da safe na iske yara a ƙofar gida suna ba ƴaƴan maƙwabta labarin giwa tun daga farko har ƙarshe, tsaf, babu abin da suka tsallake. Na ce to ku ba su na ƴan fashin teku mana. Sai aka fara, wannan ya ce akwai akwati da zuciya a ciki tana bugawa, wancan ya ce a'a makulli ake nema, wani ya ce akwai kwalbar ƙasa, daga nan labari ya watse sai kwaikwayon tafiyar Jack suka koma yi, ana tangaɗi kamar an sha an bugu, ɗaya har ya samo kwalbar lemo yana ɗagawa sama, wani ya shiga ya shafo kwallin uwarsa. Wannan ba sabon abu ba ne a ƙasar nan, tun 1966 Moustapha Alassane ya yi fim a kansa, Le Retour d'un aventurier, saurayi ya dawo daga tafiya da kayan kaboyi ya raba wa abokansa suka hau dawaki suka addabi ƙauyensu. Shekara kusan sittin ke nan da ɗan ƙasarmu ya hango abin da allo ke yi wa yaro.

Kada a ce ina nufin na Indiya duk alheri ne na Amurka duk sharri, a'a. Ni nake tura su, na san abin da ke ciki. Akwai na Indiya na yanzu da ba zan iya kallo da ƙanwata ba, akwai kuma masu fassara su da Hausa da ke cusa kalaman da babu su a asali don a yi dariya, maganar da ba za ka so ɗanka ya maimaita gaban baƙo ba. Dare na uku ma katun ɗin Kirikou muka sa, na 1998, yara sun so shi sosai musamman da yake maganar rijiyar gari ce da ta ƙafe, da yaron da ya nace sai ya san dalilin da ya sa matsafiyar take mugunta har ya gano ƙaya ce a bayanta, amma yayata ba ta ji daɗin yadda aka zana matan ƙauyen babu riga ba, kuma tana da hujjarta. Kowane fim da abin da ya kamata uba ya sani kafin ya kunna.

A nan ne nake da roƙo gare ku. Kullum sai an aiko mini yaro da dala ashirin da katin waya wai babansa ya ce a sa masa katun ko na Disney, don a tunanin uban duk abin da ke da wannan tambari na yara ne. Alhali shi wannan na ƴan fashin teku a Amurkar ma alamar PG-13 aka sa masa, ma'ana ana gargaɗin iyaye cewa akwai abin da bai dace da yaron da bai kai shekara 13 ba. Wa ya san wannan a unguwarmu? Ni kaina da nake sana'ar sai da ƴar ƙanena ta yi kuka na tuna. Don Allah ku ware ɗan fili a jaridar nan ko sau ɗaya a mako, da Hausa mai sauƙi, wani ya kalli fim ya gaya wa iyaye ga labarinsa, ga abin tsoro a ciki, ga wurin da za ka ji kunya in surukarka na zaune, ga shekarun da ya dace. Tsofaffi da sababbi duka, na Kano da na Indiya da na Turawa. Mu masu shaguna za mu fi kowa amfana, sai mu manna a bango.

Sannan ina kira ga masu kula da gidajen matasa da al'adu da gidajen tele na jihar nan, su nemo mana namu. Oumarou Ganda shi ya fara cin babbar kyautar FESPACO, bikin finafinan Afirka na Wagadugu, a 1972, ɗan Nijar ne, amma a cikin yara sama da ashirin da ke gidanmu babu ko ɗaya da ya taɓa jin sunansa, ni ma da ƙyar nake samun finafinansu in tura wa wanda ya tambaya. Farin ƙyalle ne da injin haskawa da fili, fili kuwa muna da shi a kowace unguwa daga Garin Malam har Sabon Gari, in an yi sallar isha'i a shimfiɗa tabarmi tsofaffi su zo da jikokinsu.

Ranar da ƴan Yamai za su koma na zo zan cire ƙusoshin nan daga katanga, Inna ta ce in bar su inda suke, in hutun ya zagayo akwai wani na uwa da ƴaƴanta biyu da shanun noma da take so jikokinta su gani. Samari kuma suna nan sun matsa mini sai an sa kashi na uku don su ga yadda aka yi Jack ya fito daga cikin dodo. Na ce musu za a sa, amma sai na zauna na sake kallonsa ni kaɗai a shago tukuna, kuma ranar ƙanana za su kwana da wuri.

Na gode Malam Edita, Allah ya bar zumunci.

Naku,
Mai karatunku daga unguwar Birni, Damagaram.